Tsohon soja, ƙaramin gari da gawa: yadda ake ƙulla labarin kisa ya zauna daram

Marubuta da dama suna son wannan zubin: soja ya dawo gida bayan shekaru a fagen daga, ko wata guda bai cika ba aka tsinci gawa a bayan gari, sai kowa ya juyo ya zuba masa ido. Zubi ne mai kyau, shi ya sa ba a gajiya da shi. Amma yawancin labaran da aka gina a kansa wuri ɗaya suke faɗuwa, wato inda marubuci ya ɗora wa yaƙin alhakin kisan. Ko dai a ce sojan ne ya yi aika-aikar saboda yaƙi ya taɓa masa kai, ko a ce wani da suka yi tsiya a filin daga ne ya biyo sawunsa har gida. Ko wanne ka ɗauka, ka mayar da mutanen garin 'yan kallo, alhali su ne ya kamata su riƙe labarin. A ganina dole kisan ya fito daga cikin garin, daga wani abu da aka aikata a shekarun da sojan ba ya nan. Laifin sojan ɗaya ne: ya dawo a lokacin da ba a so ya dawo.

Saboda haka kafin ka taɓa babi na ɗaya, ɗauki takarda ka jera shekarun da ya yi ba ya gari, ka rubuta abin da ya faru a kowacce. Tambaya ɗaya za ka riƙa yi: wa ya ci ribar rashinsa? Kuɗin da yake aikowa gida, hannun wa suke shiga, kuma an yi abin da ya ce a yi da su? Filin da ya bari, sunan wa ke kan takardarsa yanzu? Wadda ya bari tana jiransa, wa ya gaya mata ya mutu, da wace hujja? Wannan ta ƙarshen tana da ƙarfi ƙwarai, domin kowane yaƙi yana barin mutanen da aka rubuta sun ɓace ba a ga gawarsu ba. A ƙasashe da yawa masu bin tsarin shari'ar Ingila, idan mutum ya yi shekara 7 babu ɗuriyarsa, kotu na iya ɗaukarsa a matsayin mamaci, a raba abin da ya bari. To idan ya ɓullo a shekara ta 8, akwai waɗanda ganinsa a raye kaɗai ya isa ya hana su barci.

Wannan takardar ce za ta nuna maka wanda za a kashe. Wanda ya fi dacewa shi ne mutumin da ya san abin da aka yi, ya yi shiru shekara da shekaru, yanzu kuma zuciyarsa ta fara damunsa yana shirin fasa ƙwai. Ka sa sojan ya yi masa mummunar fahimta, ya zaci shi ne ya cuce shi, su yi cacar baki a gaban jama'a kwana ɗaya kafin kisan. Da haka ka bai wa gari dalilin zargi, ka kuma bai wa mai kisan inuwar fakewa. Mai kisan ba ya bukatar ya tsani kowa. Tsoron tonon asiri ya ishe shi.

Labarin bincike labari biyu ne a cikin bango ɗaya: abin da ya faru a zahiri, da yadda aka gano shi. Na farkon ake fara rubutawa, ko da yake mai karatu ba zai taɓa ganinsa a jere ba. Ka tsara daren kisan a jadawali, daga faɗuwar rana zuwa lokacin da aka ga gawa, kowane minti 15 da layinsa, kowane mutum da gurbinsa: ina yake, me yake yi, wa ya gan shi. Ka zana taswirar garin ko da ta zanen yara ce, ka sa nisa. Lafiyayyen mutum yana cin kimanin kilomita 5 a awa ɗaya a ƙasa, wato kilomita ɗaya minti 12 ke nan, cikin duhu kuwa ko da kaya a ka ya fi haka. Ka duba wata: daren sha huɗu wata yana fitowa ne daidai faɗuwar rana ya kwana a sama, a ƙarshen wata kuwa duhu ne dunɗum. In shaidarka ya ce ya gane fuskar mutum daga nesa, dole jadawalinka ya san da wane haske ya gani. Haka batun ɗaukar gawa. Baligi yakan kai kilo 60 zuwa 80, kuma mamaci ba ya taimaka wa mai ɗaukarsa. Mutum ɗaya ba ya nisa da shi sai da abin turawa ko mota, in kuwa ja aka yi, ƙasa da tufafi da dugadugai za su faɗa.

Waɗanda ake zargi su kasance 4 zuwa 6. In ba su kai huɗu ba mai karatu zai canka tun tsakiyar littafi, in sun wuce shida sunaye za su cakuɗe masa. Kowannensu ka ba shi ƙarya guda da yake karewa, amma mutum ɗaya ne ƙaryarsa ta shafi kisan. Sauran suna ɓoye bashi ne, ko soyayya, ko wata 'yar sata, ko inda suka kwana.

A nan ƙaramin gari ya sha bamban da birni. A birni wahalar mai bincike ita ce samun wanda ya gani. A ƙaramin gari waɗanda suka gani suna da yawa, bakinsu ne ba ya buɗuwa. Marubuci mai gaggawa yakan rufe wannan da jimla ɗaya, ya ce mutanen garin ba sa son baƙo. Wannan bai isa ba. Kowane mai shiru ka rubuta masa dalilinsa daban: wannan surukin wanda ya gani ne, wancan ana binsa bashi, waccan kuwa in ta faɗi abin da ta gani sai ta faɗi abin da ya fitar da ita waje ƙarfe biyun dare. Sannan ka rubuta abin da zai karya shirun kowane ɗaya. Rabin tsakiyar littafinka ke nan ka gama tsarawa. Wata fa'idar ƙaramin gari ita ce kowa ya san al'adar kowa, don haka abin da bai faru ba ma shaida ne: fitilar da kullum take kunne amma ranar tana kashe, ko mai sammakon da ranar aka gan shi ya makara.

Akwai wata shari'a ta gaske da ya kamata duk mai rubuta irin wannan labari ya sani. A 1983 aka kashe wata yarinya 'yar shekara 15 a ƙauyen Narborough da ke yankin Leicestershire a Ingila, a 1986 aka kashe wata mai shekaru irin nata a Enderby, maƙwabcin ƙauyen. 'Yan sanda suka kama wani matashi ɗan shekara 17 na yankin, har ya amsa laifin kisa na biyu. Sai aka kai samfuran wurin Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester, wanda a 1984 ya gano hanyar tantance mutum da ƙwayoyin halitta na DNA. Gwajin ya nuna mutum ɗaya ne ya kashe yaran biyu, kuma ba matashin ba ne. Aka ɗebi jini da yawun maza kimanin 5,000 a yankin, ba a dace ba, domin mai laifin, Colin Pitchfork, ya lallaɓa wani abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa. Abin da ya tona shi hira ce: a 1987 wata mata ta ji abokin aikin yana ba da labarin a mashaya, ta kai wa 'yan sanda. A 1988 aka yanke masa hukunci. Dubi abin da ke ciki. Wanda aka fara kamawa shi ne wanda ya fi sauƙin kamawa. Amsa laifi ba hujja ba ce. Kimiyya ta wanke marar laifi, amma suɓutar baki ce ta kama mai laifi. Sojanka yana tsaye ne daidai inda wancan matashin ya tsaya.

Sai gawa, inda marubuta suka fi yin abin kunya. Babu likitan da zai duba gawa ya ce an yi kisan ƙarfe 11 da minti 20. Tazara yake bayarwa, awa biyu, awa huɗu, wani lokaci fiye, kuma a cikin wannan tazarar labarinka yake numfashi. Gawa takan fara sandarewa awa 2 zuwa 6 bayan mutuwa, daga fatar ido da muƙamuƙi da wuya ta gangara ƙasa. Wajen awa 12 ta ƙame gaba ɗaya, bayan kwana ɗaya zuwa biyu kuma ta sake saki. Zafi yana gaggauta wannan, sanyi yana jinkirta shi, wanda ya yi gudu ko kokawa kafin ya mutu kuwa ya fi saurin sandarewa. Saboda haka gawa mai laushi tana iya zama ta awa ɗaya, tana iya zama ta kwana biyu. Wari da ƙudaje ne za su raba gardama, domin ƙuda yana isowa da wuri ya yi ƙwai a ido da hanci da baki da bakin rauni, a yanayin zafi kuma cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito.

Abin da ya fi amfani ga mai ƙulla labari shi ne kwanciyar jini. Da zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya taru a sashen jikin da ke ƙasa, wurin ya yi duhu. Yana fara bayyana cikin awa 2 na farko, a lokacin in ka danna da yatsa yakan washe, amma bayan awa 8 zuwa 12 ya zauna ke nan. Idan aka tsinci mutum a kife amma jinin ya kwanta a gadon bayansa, to ya daɗe a rigingine a wani wuri kafin a juya shi ko a kawo shi nan. A baƙar fata wannan alamar ba ta cika fitowa ga idon kowa ba, sai mai sani ya duba da kyau, kuma wannan ma dama ce gare ka: kowa ya kalla bai gani ba, mutum ɗaya ya gani. Sanyin jiki kuwa kada ka dogara da shi sosai. A matsakaicin yanayi gawa tana rage abin da bai kai digiri ɗaya ba a awa, amma inda zafin gari ya kusa digiri 37 na jikin ɗan Adam, lissafin ya rushe.

Idan da bindiga aka yi kisan, tambayar farko ita ce daga ina ta fito. Soja ba ya tafiya gida da bindigarsa. Kowacce tana da lamba, tana cikin rajistar ma'ajiyar makamai, ana karɓe ta kafin a sallame shi. In kana son ya mallaki wata, sai ka bayyana yadda aka yi, kuma ka tuna mallakar tata laifi ne da zai sa shi yin ƙarya ga 'yan sanda ko da bai kashe kowa ba. Libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai gidan harsashi da ke juyawa, tana riƙe kwanson harsashi a cikinta, fistol da bindiga mai sarrafa kanta kuwa suna tofar da shi gefe, galibi dama. Rashin kwanso a wurin yana nufin ko libarba ce, ko an tsince shi, ko ba a nan aka yi harbin ba. Cikin bututun bindiga akwai tsagi mai murɗawa da ke barin zane a jikin harsashi, da shi ake haɗa harsashi da bindigar da ta harba shi, amma bindigar farauta mai watsa ƙananan ƙwayoyi cikinta sumul yake, ba ta barin wannan zanen. Burbushin albarushi a hannu ba ya daɗewa, 'yan awanni ne, wanke hannu ma yana tafiya da shi.

Nisan harbi shi ne inda nake ganin an fi samun hujjar da za ta wanke soja. In an ɗora bakin bindiga a jiki, za a ga ƙuna da baƙin hayaƙi a cikin raunin, wani lokaci har da shatin bakin bindigar. In an ɗan ja baya kaɗan, hayaƙin yakan zauna a kewayen raunin. Daga nan zuwa kimanin tsawon hannu, ƙwayoyin albarushin da ba su ƙone ba suna huda fata su bar ɗige-ɗigen da ba sa wankuwa. Bayan wannan babu komai sai rami. In akwai riga a tsakani, a jikin rigar alamun suke, don haka wanda ya cire wa mamacin riga ko ya wanke ta ya taɓa shaida. To yanzu ka haɗa: an harbi mutum a ƙirji daga taku ɗaya, cikin ɗakinsa, babu alamar kokawa. Wa zai bar mutumin da suka yi faɗa jiya a bainar jama'a ya matso shi haka da tsakar dare? Wanda ya yi harbin mutum ne da aka buɗe wa ƙofa da hannu biyu.

Shi kansa sojan yana bukatar aiki fiye da kaki da mugun mafarki. Ka fara da aikinsa a soja, domin yawancin sojoji ba su ne ke riƙe da bindiga a sahun gaba ba. Akwai direba, da mai dafa abinci, da na sadarwa, da ma'aikacin jinya, da mai kula da sito. Ma'aikacin jinya ya ga gawa iri-iri, shi zai lura da kwanciyar jinin nan. Mai kula da sito ya saba da lissafi da rasit, shi zai gano inda kuɗinsa suka maƙale. Muƙaminsa ma yana canza bakinsa: saje ya saba ba da umarni, kurtu ya saba karɓa. Ka ba shi abin da horo ke bayarwa, kamar kintatar nisa, da karanta sawu, da bambance ƙarar bindiga da ta wani abu. Amma kada ka mai da shi masanin shari'a, bai san yadda ake adana shaida ba, kuma yana iya ɓata ta da hannunsa.

Yaƙi yana zama a jiki kafin ya zauna a zuciya. Gwiwa da baya sun sha kaya. Kunne ya sha ƙara: a Amurka, ƙugin kunne shi ne kan gaba a cikin larurorin da ake biyan 'yan mazan jiya diyya a kansu. Ga wani ɗan ƙaramin abu mai daraja: badame mai harbi da doguwar bindiga, kunnensa na hagu ne ya fi lalacewa, domin kai yana kare na dama idan ya kwantar da kunci a kan gindin bindigar. Ka nuna tun babi na biyu cewa yana juyo da kunnen dama in ana masa magana. A babi na goma, lokacin da kowa ke cewa ƙarya yake da ya ce bai ji harbin ba, mai karatu mai lura zai tuna a wane gefe yake kwanciya. Rashin barci ma haka: shi ne ya sa aka gan shi yana yawo da dare, shi ne kuma ya sa babu wanda ya san daren garin kamarsa.

Larurar firgici bayan tashin hankali, wadda likitoci ke kira PTSD, gaskiya ce, amma ana yi mata riƙon sakainar kashi a rubutu. Alamunta su ne tunanin abin da ya faru yana faɗo wa mutum ba shiri, gudun duk abin da zai tuna masa, zama cikin shirin ko-ta-kwana, saurin razana, da janyewa daga mutane, kuma sai abin ya wuce wata guda ake kiransa da wannan suna. Yawancin waɗanda suka je yaƙi ba sa kamuwa da ita, yawancin masu ita kuma ba sa cutar da kowa. Wurinta a labari shi ne idon gari: su ne suke ganin mutum ya zabura don an buga ƙofa su ce ai dama. Ka kula da zamani kuma. Sai a 1980, bayan yaƙin Vietnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ta cikin kundinta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ana danganta abin ne da girgizar fashewar bam, kamar yadda likita Charles Myers ya rubuta a 1915, da yawa kuma ana ɗaukarsu matsorata kawai. Birtaniya ta harbe sojojinta da na ƙasashen daularta 306 a wancan yaƙin bisa laifuka irin su gudu daga fagen daga da ragwanta, sai a 2006 aka yi musu afuwa. In labarinka na 1946 ne, babu wanda zai kira larurar da sunan yau.

Zamanin yana yanke hukunci kan wasu abubuwan ma. In akwai wayar hannu, dole ka ce wani abu a kanta. Sa'ar da ka yi ita ce a karkara turken sadarwa ɗaya yana ɗaukar kilomitoci masu yawa, don haka bayanan waya za su nuna mutum yana yankin, ba za su nuna gidan da ya shiga ba.

Wa zai yi binciken? Ofishin 'yan sandan ƙaramin gari mutum kaɗan ne, kisan kai kuma galibi daga babban gari ake turo masu bincikensa. Kafin su iso jama'a sun tattake wurin, wani ya rufe gawa da zane, wani ya ɗauki wani abu. In an riga an binne, tonowa sai da izinin hukuma. Abin da ya fi aiki shi ne mutum biyu: baƙon jami'i mai iko amma ba mai gaya masa komai, da sojan da ya san kowa amma babu mai yarda da shi. Sanin da sojan ya yi wa garin tsoho ne, na shekarun baya, kuma a nan zai riƙa yin kuskure: yana amincewa da mutum saboda yadda ya san shi da.

Wajen shuka alamu, duk gaskiyar da warwarar labarin ta dogara a kanta ka bar mata sawu uku a wurare daban-daban. Mai karatu zai tsallake ɗaya, ya yi wa na biyu gurguwar fassara, na uku ya tsaya masa a rai. Hanya mafi sauƙi ta ɓoye alama ita ce a sa ta tsakiyar jerin abubuwa, ko a faɗe ta daf da wani tashin hankali da zai ɗauke hankali. Gawa ta bayyana kafin a cinye kashi ɗaya cikin goma na littafin, mai kisan kuma ya shigo da wuri, ya yi magana, ya yi wa sojan alheri ma in ta kama. Abin da ba a yafewa shi ne a kawo sabuwar hujja a babin ƙarshe, ko mai laifi ya zauna haka kawai ya zayyana komai don marubuci ya rasa yadda zai kama shi. A kama shi da abin da ya faɗa wanda bai kamata ya sani ba, ko da minti 15 ɗin da jadawalinka ya nuna ba shi da inda zai ce yana.

In ka gama, ka bai wa mutum uku rubutun ba tare da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe ba, kowa ya rubuta sunan wanda yake zargi da dalilinsa. In duka ukun sun canka, ka rage sawu ɗaya ko ka ƙara wa wani ƙaryarsa nauyi. In babu wanda ya ko kusanta, alamun sun yi zurfi, ka ɗago biyu daga ciki. In kuwa har yanzu akwai mai zargin sojan a wannan matakin, ka koma babin gawa ka duba ko ka bayyana nisan harbin yadda ya kamata.